Jitar Da Aka Dawo Min Da Ita

Asabar, bayan magariba

An dawo min da jitata yau. Haka dai suka ce.

Mai Fenti ne ya shigo da ita ɗakin gwaji a naɗe cikin tsohon bargo, yana takawa a hankali kamar ya ɗauko jariri. Ƙanin Maman Yara ne, uwa ɗaya uba ɗaya, fentin motoci ne sana'arsa, kuma shi ke buga mana ganguna. Ɗakin da muke haɗuwa duk Asabar ma a bayan garejinsa yake, mun lilliƙe bangon da kwalayen ƙwai saboda maƙwabta. Da ya yaye bargon, Tica, abokinmu malamin makaranta, ya miƙe daga kan fiyano yana tafi. Shuɗiya ce yanzu, tana sheƙi har ina ganin haƙorana a jikinta. Na gane fentin, ragowar na wata motar kaya ce da na gani a garejin kwanaki.

"Yaya, ya ka gani?" in ji Mai Fenti.

"Ta yi kyau," na ce. Kuma ba ƙarya na yi ba.

Ni na yarda a yi mata fentin, ba zan ɗora wa kowa ba. Ƙarshen wata mai zuwa makarantar su Tica za ta yi masa taron bankwana, zai ajiye alli, kuma ya dage mu ukun nan ne za mu yi kiɗa a wurin. Maman Yara ta ce ba zan tsaya gaban jama'a da jita duk ta kokkoje kamar tsohon kwanon wanki ba. Na ce to, a fente jikin. Jikin na ce. Ban ce wuya ba.

Bes ce, mai tsirkiya huɗu masu kauri, irin wadda ƙirji ke fara ji kafin kunne. Tun ina saurayi na sa filaya na cire ƙananan ƙarafan da ake jerawa a wuyan jita don su raba sauti, saboda ina son nawa sautin ya riƙa zamewa. Wanda ya yi haka ya jawo wa kansa aiki, don babu sauran abin da zai tsare masa yatsa, in ya kauce kaɗan sauti ya kauce. Amma shekara da shekaru babban yatsana ya ci katakon bayan wuyan, ya yi 'yan ramuka, kowanne da gurbinsa, ko ido rufe nakan faɗa daidai. Yau na shafa wuyan tun daga sama har ƙasa. Sumul, babu ko ɗaya.

Mun ɗan taɓa waƙoƙin taron. Suka ce ya yi daɗi. Da sauri suka faɗa, kuma su biyun a tare.

Lahadi, da hantsi

Na jona ta a ɗan amfilifayan gida, akwatin da ke ƙara mata sauti. Ba ita ba ce.

Tawa, in na taɓa tsirkiya mafi kauri, sai in ji ta motsa min a ciki, ta inda fentin bayanta ya goge katako ya fito. Wannan kuwa kamar na rungumi ƙofar firji. Na ƙara murɗa maɓallin ƙara, na sake ƙarawa, sai ga Maman Yara daga kicin da ludayi a hannu, wai kofuna na rawa a kan kanta. Na ce mata ai ko rabi ban kai ba. Ta dube ni, ta dubi maɓallin, ta buɗe baki, ta rufe, ta koma.

Kwanan nan ta koyi wannan buɗe bakin da rufewa, kuma ba na son sa.

Litinin, hutun rana

A wurin aiki sun ɗauke ni daga kan injin buga takardu sun mai da ni sito, in riƙa fitar da takarda da tawada. Shugaban sashe ya ce don in huta ne, wai na daɗe a gaban inji. Na san maganar ranar nan ce, da takarda ta maƙale injin ya yi ta kuka, har suka rugo daga can ƙarshen ɗaki alhali ni ina tsaye a gefensa. Hankalina ne ya tafi wani wuri, shi ke nan. Ba zan sake rubuta wannan maganar ba.

Duk wanda ya shigo sito sai ya yi magana ƙasa-ƙasa kamar ya zo gaisuwar mutuwa. Mutanen yanzu ba sa buɗe baki in za su yi magana, sai ka ce wani ya hana su.

Talata, da yamma

Na sake shafawa. Sumul.

Laraba, bayan la'asar

Na cire tsirkiyoyin na dafa su. Duk mai bes ya san wannan, in sun dushe sai ka tafasa su a ruwa, gumi da dauɗa su fita, ƙararsu ta dawo. Abin da ban lura ba shi ne tukunyar da na ɗauka ta shayin Maman Yara ce.

"Baban Yara, yau kuma waya za mu sha?"

"Ki bari ta nuna tukuna," na ce. Ta yi dariya, ni ma na yi. Rabon da mu yi dariya tare har na manta.

Na shanya su, na mai da su, na saita da 'yar na'urar nan mai nuna koren haske in tsirkiya ta zauna daidai. Duk huɗun sun nuna kore. Na buga, babu abin da ya canja. Na kwance maganaɗisun da ke ɗaukar sauti na duba ƙasansu, da tsatsarsu da komai, sun yi kama da nawa. Sun yi kama, na ce.

Sai na tuna wani mai babbar mota da ya taɓa kawo gyara garejin wata Asabar. Ya leƙo ɗakin gwaji, ya ɗauki jitar ya juya ta, ya ƙwanƙwasa bayanta, ya ce irin wannan tsohon katako ba a samun sa yanzu, ko ta sayarwa ce? Mai Fenti ya ce masa ai Yaya zai fi saurin sayar da shi kansa. Muka yi dariya. To amma jitar nan ta yi makonni a garejin ba na nan. Kuma me ake yi da fenti in ba rufe abu ba? Sana'arsu ke nan, mota ta yi karo su shafe, mai saye ya zo ya ga sabuwa.

Allah Ya yafe min. Ƙanin matata ne. Amma tunanin ya shigo, kuma ya ƙi fita.

Alhamis, da rana

Na bi Maman Yara wurin da ta daɗe tana nacin mu je, don dai a zauna lafiya. Suka sa ni a wani ƙaramin ɗaki mai ƙofa mai kauri, suka ɗora min abu a kunnuwa irin na masu aikin rediyo, suka ba ni maɓalli, wai in danna duk lokacin da na ji 'yar ƙara. Na danna kaɗan, sannan na zauna ina jira su fara da gaske. Da matar da ke gwajin ta buɗe ƙofa, ashe sun gama.

Na ce mata ta sa a duba na'urarsu. Likitan ya yi dogon bayani yana kallon Maman Yara, ba ni ba. A hanya ta kama min hannu a gaban mutane, abin da ba ta taɓa yi ba. Na zare.

Asabar, bayan magariba

Ina tura ƙofar ɗakin gwaji suka yi tsit. Kansu a haɗe yake, na gani da idona, sai Tica ya koma goge tabarau, Mai Fenti ya kama ɗaure fatar ganga da ba ta kwance ba.

Yau na sa ido. Kafin mu fara na kai maɓallin amfilifayana inda nake so, na lura da inda ɗan farin layinsa ya tsaya. Da muka gama waƙar farko na juya in sha ruwa, Mai Fenti ya taso wai zai gyara waya a bayana. Da na duba, layin ya koma baya. Na mai da shi. Bayan waƙa ta gaba ya sake komawa, kuma wannan karon Tica ne ya wuce ta wurin da sunan buɗe taga.

Hannuna kuwa yawo yake yi a wuyan nan kamar mai laluben makunnin fitila a gidan da ba nasa ba. Na san ban buga da kyau ba, jikina ya gaya min. Amma muna gamawa Tica ya ɗaga min babban yatsa.

"Mai Bes, yau ka kashe mu!"

"Da me?" na ce.

"Da daɗi mana."

Mutum ya ba ka jitar da ba taka ba, ya rage maka ƙara a ɓoye, sannan ya yabe ka. Me suke shiryawa? In wani suka samu da zai buga a taron, su faɗa min a fuskata. Ni na fara haɗa mu ukun nan, tun Tica yana da gashi.

Litinin, da yamma

Daga wurin aiki na zarce gareji. Na sami Mai Fenti yana goge ƙofar wata mota, da tsumma ɗaure a hanci.

"Ina jitata?"

Ya sauke tsumman. "Wace jita, Yaya?"

"Wadda na ba ka."

"Ba tana gidanka ba?"

"Ta gidana shuɗiya ce. Ni baƙa na ba ka, mai ramuka a wuya."

Ya yi dariya, ya ga ban yi ba, ya daina. Ya ce ramukan ai shi ya bi su da samfefa, masu zurfin ya cike da fila irin wadda suke cike loɓawar mota da ita. "Yaya, ni fa in na ga rami hannuna ba ya iya wucewa. Wuyan nan ya fi jikin ba ni wahala, sai da yatsuna suka yi kanta."

"Mai babbar motar nan ya sake zuwa?"

Abokan aikinsa duk sun tsaya da abin da suke yi.

"Yaya, ɓarawo kake ce min?"

"Tambaya na yi."

"A'a, faɗa ka yi."

Idonsa ya yi ja, ko warin tinar da suke sirka fenti da ita ne ban sani ba. Ya juya baya ya faɗi wani abu da ban kama ba. Na ce ya juyo ya maimaita in ya isa. Ya juyo, amma bai maimaita ba, sai ya yi min irin kallon da likitan nan ya yi wa Maman Yara. Wannan ya fi zagin ƙona min rai.

Talata, da safe

Maman Yara ta ajiye min shayi ba ta ce komai ba. Labari ya riga ni isowa gida ke nan. Ko kuwa ta ce, tana juya baya ta ce.

Laraba, da yamma

Yau ban taɓa ta ba. Jitar nake nufi.

Alhamis, bayan la'asar

Akwai hanyar da zan gane. Shekarar da muka yi aure na taɓa barin jitar a kife a kan tebur, Maman Yara ta ajiye dutsen guga da zafinsa a bayanta ba ta lura ba. Ya bar tabo baƙi mai siffar hancin dutsen gugar, ya ci katakon ciki sosai, babu samfefan da zai fitar da shi. Ranar ta yi kuka, ni kuma na yi kamar ban damu ba.

Na shimfiɗa jarida a tsakar ɗaki, na kifa jitar, na ɗauko reza. Fentin nan an yi shi da zuciya ɗaya, wannan ko maƙiyi zai faɗa, amma na sa masa bakin rezar. Shuɗin ya tashi, na tarar da toka-tokan da ake fara shafawa, ƙarƙashinsa fila, ƙarƙashin fila katako. Na ci gaba da kankarewa har wurin ya kai faɗin tafin hannu.

Tabon na nan, da hancinsa da komai.

Ban san Maman Yara ta daɗe a bakin ƙofa ba sai da na ga inuwarta a kan jaridar.

"Ka gani?"

"Na gani."

"To sai ka je ka faɗa masa."

"Jikin ne wannan," na ce. "Wuya da kusoshi aka ɗaure shi, ko yaro zai iya kwancewa ya sa wani."

Ta zo ta tsaya a gabana har ina jin numfashinta, ta ɗaga murya yadda ban taɓa jin ta ɗaga ba.

"Baban Yara, ba wuyanta ne ya canja ba!"

Wannan na ji shi sarai. Ta tsaya nan, ta toshe baki da mayafi, ta fita. Na zauna da ɓawon shuɗin fenti a cinyata har aka kira magariba.

Juma'a, hutun rana

Su uku ne ke nan. Har da ita.

Gobe ba zan je da jita ba, kuma ba zan je da wuri ba. Ina so in ga abin da ake yi in ba na nan.

Asabar, bayan magariba

Zan rubuta shi yadda ya faru, don kada gobe in gyara.

Na bari sai da na tabbata sun fara, sannan na bi ta bayan gareji, ta tsakanin motocin da aka lulluɓe da jarida. Ƙofar ɗakin gwaji ta ƙarfe ce. Ban tura ba, na ɗora tafin hannuna a kanta. Ga ganguna nan suna bugun ƙarfen, na gane waƙar, mai sanyin nan ce da Tica ya fi so. Sai na ji wani abu a ƙarƙashin gangunan yana tafiya a hankali, yana hawa yana sauka.

Akwai mai buga bes a ciki.

Na ce ashe dai ban haukace ba, sun samo wani. Na ƙara manna hannu, sai na ga abin ya fi haka muni, don ba bes kawai ake bugawa ba, nawa bugun ne. Inda nake jinkirtawa kafin amshi, an jinkirta. Inda nake yin ɗan tsallen nan da babu wanda ya koya min, an yi. Na banke ƙofar da kafaɗa.

Babu kowa sai su biyu. Kujerata na nan babu mai zama, amfilifayana a rufe da tsumma. Hannun hagun Tica ne a can ƙasan fiyano, yana tafiya shi kaɗai kamar ba nasa ba, shi kuwa idonsa a lumshe. Sai da gangunan suka tsaya ya buɗe ido ya gan ni.

"Wa ya koya maka wannan?" na ce.

"Kai."

"A mako ɗaya?"

Ya cire tabarau ya fara gogewa. Mai Fenti ya ajiye sandunansa. "Tica, faɗa masa. Ni na gaji, har ɓarawo na zama."

Tica ya jawo kujera ya zauna daf da ni, ya fuskance ni, ya yi magana a hankali yana buɗe baki sosai, kamar yadda yake wa 'yan aji.

"Tun daminar bara, Mai Bes."

Ya ce da farko nan da can ne nake kaucewa, suka ce gajiya ce. Daga baya na fara riga ganguna, kuma ina ta ƙara amfilifaya har kwalayen ƙwai na faɗowa daga bango. Sai suka fara rage min in na juya, shi kuma ya riƙa cike gurbin da hannun hagu, kaɗan-kaɗan, har ya haddace duka.

"Me ya hana ku faɗa min?"

Mai Fenti ne ya amsa. "Mun faɗa wa yayata. Ta ce mu ɗan bar ka tukuna, wai Asabar ce kaɗai ranar da kake dawowa gida kana dariya." Ya share hanci da bayan hannu. "Wuyan kuma, wallahi na zaci ramukan ne ke karkatar maka da yatsa. Na ce in na daidaita shi, ƙila komai ya dawo."

Na ce masa ramukan nan su ne kaɗai suka rage min. Ban san zan faɗa ba sai da ya fita.

Na fito na bi ta tsakanin motocin. Da ɓarawo ne da ya fi min sauƙi, sai in yi fushi in kwana lafiya. Yanzu kuwa duk tafin da aka yi min tun bara nake tunawa, da yadda nake sunkuyar da kai ina cewa ai ba komai. Kunya nake ji, irin wadda ban taɓa ji ba tun ina yaro.

Lahadi, da hantsi

Tun daminar bara.

Litinin, hutun rana

Har da ranar da muka yi kiɗa a wurin taron ma'aikatanmu ke nan, da shugaban sashe ya zo ya riƙe min hannu yana cewa bai san ina da wannan baiwar ba. Hannun Tica ya kamata ya riƙe.

Maman Yara ta sa min abincin rana a jaka, har da abin da ta san ina so. Ban yi mata maganar ba, ita ma ba ta yi ba. Amma yanzu in za ta ce min wani abu sai ta zagayo gabana tukuna, kuma na daina yin kamar ban lura ba.

Laraba, bayan la'asar

Na ɗauki jitar na kai gareji. Tun daga gida na taho da ban haƙuri a bakina, da na isa gaban Mai Fenti sai na ji na ce samfefa nake so. Ya juya jitar ya ga inda na kankare masa aiki. Ya ɗauko samfefa biyu, ya jawo mana benci.

Mun daɗe muna gogewa kafin in ce, "Abin da na faɗa ranar nan..."

"Tina ce ta hau maka kai, Yaya. Tana yi wa baƙi haka."

Muka cire fentin wuyan duka, da na bayan jikin inda yake taɓa cikina, muka bar gaban da shuɗinsa saboda jama'ar Tica. Filar ta fita, amma ramukan ba su dawo yadda suke ba, samfefan farko ya riga ya cinye gefunansu. Sai muka maƙala 'yar na'urar saiti, ina matsar da yatsa har ta nuna kore, shi kuma ya ɗiga farin fenti a gefen wuyan da siririn buroshi. Haka muka bi wuyan har ƙasa. Ni da na cire ƙarafa ina saurayi don kada a nuna min hanya, yau ga ni da ɗige-ɗige kamar ɗan koyo.

Kafin in tafi na kafa masa sharaɗi, na ce ya kai wa Tica. Babu mai sake taɓa min maɓalli a ɓoye, in ya yi yawa a faɗa. Hannun hagun Tica ya zauna a aljihu. In na kauce kuma a tsai da kiɗan a gaya min, ko sau nawa ne. In ban iya ba, gara in zauna cikin jama'a ranar taron in yi tafi na gaskiya.

"Ka tabbata, Yaya?"

"Ka taɓa ganin na yi wasa da bes?"

"To," in ji shi. Da sauri ya faɗa. Har yanzu ina tunanin saurin nan.

Juma'a, da yamma

Duk yammacin makon nan a tsaye nake gwaji, da 'yar shara kawai, katakon a manne da cikina, idona a kan ɗigon fenti. Ta fara motsi kaɗan, ba kamar da ba, amma ta fara. In na ɗora haɓata a kan ƙahon jikinta sai sautin ya bi ta ƙashi ya shigo. Maman Yara ta tarar da ni a haka ta ce kamar mai shafa wa jita mage. Ban gane abin da take nufi ba, amma ta yi dariya, ni ma na taya ta.

Abu ɗaya ya hana ni sukuni. Mutanen da suka yi shekara suna yi min ƙarya don suna ƙaunata, ta yaya zan san sun daina? Ƙaunar ai ba ta tafi ko'ina ba. Gobe zan gwada su.

Asabar, bayan magariba

Tica ya zo da riga mai aljihu, ya nuna min, ya cusa hannun hagu ciki kamar mai jin sanyi. Mai Fenti ya saita min maɓallin a gabana, ina kallo. Muka ɗauki waƙar mai sanyi.

Da muka kai amshi na farko, da gangan na zame yatsana ya wuce ɗigon, na zauna a wurin ina buga abin da na san ba daidai ba ne, fuskata a sake kamar mai jin daɗi. Ina kallonsu ta wutsiyar ido. Tica ya dubi Mai Fenti, Mai Fenti ya dubi rufin ɗaki, gangunan suka ci gaba. Sai kawai na ga sandunan sun tsaya a sama.

"Yaya," in ji Mai Fenti. "Ka kauce."

Wallahi tun da nake ba a taɓa gaya min magana mai daɗin wannan ba. Na yi ta dariya har da riƙe ciki, su kuwa sun zuba min ido sun rasa gane kaina. Na ce musu gwada su na yi. Tica ya jefe ni da tsumman goge tabarau, ya ce a duk shekarun da ya yi yana koyarwa ba a taɓa yi masa jarrabawa irin wannan ba. Mai Fenti ya ce sai da ransa ya kusa fita kafin ya iya faɗa.

Muka koma daga farko. Wannan karon na ba ta duk abin da nake da shi. Katakon ya ɗumama a cikina, yatsana na sauka a kan ɗigon ɗaya bayan ɗaya, ƙafata na bin ƙafar Mai Fenti. Na jinkirta inda nake jinkirtawa, na yi ɗan tsallena, kuma rabon da in ji ni ne mai bugawa tun kafin a kai ta fenti. Har na lumshe ido kaɗan.

Da na buɗe, sandunan na sama. Hannun Tica na aljihu, ɗayan ma ya sauka daga kan fiyano. Ban san tun yaushe suka tsaya ba.

Mai Fenti yana murmushi, yana jira in yi dariya.

"Yaya, ka sake gwada mu ko?"

Na dubi ɗigon, yatsana na kai. Na dubi Tica, shi ba ya murmushi.

"Na kauce?" na ce.

"Tun kafin amshi," in ji Tica.

Na goge hannuna a wando, na gyara zaman igiyar a kafaɗata. Na ce mu koma daga farko.